Yadda ake sake tayar da neman diyyar Agent Orange ga tsohon sojan Amurka da aka taɓa ƙi shi

Wannan bayani na yi shi ne saboda 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka, masu aikin kula da tsofaffi a gida, da waɗanda suka yi aure cikin dangin Amurkawa, da masu haɗuwa a masallaci da dattawan nan baƙaƙen fata waɗanda da yawansu 'yan mazan jiya ne da suka yi yaƙin Biyetnam. Shekaru kenan ina zama da irinsu muna warware takardu. Na farkon da na fara da shi wani dattijo ne da muke sahu ɗaya ranar Juma'a, tsohon sojan ruwa, suga ya ci ƙafafunsa har sai a kujera yake sallah. Ran da na je gidansa ya ɗauko min wani kwalin takalmi, ciki akwai wasiƙar da aka ƙi shi tun wajen 2011, ya ce min ɗana ni ai na haƙura na bar wa Allah. Dalilin ƙin shi ne jirginsu a teku ya yi aiki, ƙafarsa bata taka ƙasar Biyetnam ba, kuma haka tsarin yake a wancan lokacin. Abin da bai sani ba shi ne doka ta canza tun 2019, ta sake canzawa a 2021, ta kuma canzawa a 2022, wasiƙar da ke kwalin nan ta koma kuɗi shi yana zaune bai da labari.

Ni ba lauya ba ne, aikina tara takardu da raka mutum wurin wakilin da ke da lasisi, kai ma iyakarka kenan idan kana taimakon wani.

Ɗan abin da ya kamata ka sani tukuna. Agent Orange maganin kashe ciyawa ne da sojojin Amurka suka yi ta fesawa a dazuzzukan Biyetnam daga 1962 zuwa 1971 don ganye ya zube su ga abokan gaba, duka magungunan feshin da aka zuba sun kusa galan miliyan 20, sunan kuma daga zanen ruwan lemo da ke jikin durom ɗin ya samo asali. Matsalar shi ne akwai wata guba a ciki mai suna dayoksin, ita ce ke zama a jiki ta fito da cuta bayan shekara talatin ko arba'in. Mutanen ƙauyukan Biyetnam da aka fesa a kansu har yau suna haifar yara da nakasa, abin tausayi ne sosai kuma wannan doka bata shafe su ba, ta sojojin Amurka ce kawai. A 1991 majalisa ta yi doka cewa tsohon soja ba sai ya kawo hujjar maganin ya taɓa jikinsa ba, idan ya yi aiki a wurin da aka lissafa a lokacin da aka lissafa, kuma yana da cutar da ke cikin jeri, to hukumar kula da tsofaffin sojoji wato VA za ta ɗauka maganin ne ya jawo. Kalmar da za ka gani a takardunsu ita ce presumptive. Wuri, lokaci, cuta. Duk wahalar da za mu sha a ƙasa kan abu ukun nan ne.

Kayan da za ka tanada

Wasiƙar ƙin ta baya, gaba ɗayanta har shafin ƙarshe, da duk wasu wasiƙu da suka zo kafinta ko bayanta.
DD214, takardar sallama daga soja. Idan mutum ya shiga ya fita ya sake shiga to akwai fiye da ɗaya, a nemo duka.
Takardun asibiti da ke ɗauke da sunan cutar ƙarara da ranar da aka fara gano ta, da jerin magungunan da yake sha.
Sunan rundunarsa ko jirginsa da shekarun da ya yi a kowane wuri, ko da daga ƙwaƙwalwarsa ne, ka zauna da shi da biro ka rubuta.
Tsofaffin hotuna, wasiƙun da ya aiko gida, takardun albashi na lokacin, odar tafiya.
Fayil mai rabe-rabe guda ɗaya, littafin rubutu ɗaya, da waya mai ɗaukar hoto ko inda za ka riƙa yin fotokwafi.
Asusun shiga VA.gov idan zai yiwu, da lambar akawun ɗin banki.

Asalin takarda bata fita daga gida, kwafi ake aikawa. Wannan ka riƙe shi kamar karatu.

1. Ka fara riƙe kwanan wata kafin komai

Kafin ka karanta ko layi ɗaya, a shigar da takardar niyya, fom 21-0966. Gajeren fom ne, ko kuma shi mai abin ya kira 800-827-1000 ya faɗa da bakinsa a rubuta masa. Amfaninta shi ne ta kafa maka tuta a ranar, kana da shekara guda cif ka kammala tara hujja, idan aka amince daga baya to lissafin kuɗi daga wannan rana zai iya farawa maimakon ranar da ka gama haɗa fayil. Mutane da yawa sai su ɓata wata takwas suna neman wata takarda ɗaya ba su shigar da niyya ba, wata takwas ɗin nan kuɗi ne ya zube. Rubuta ranar a bangon fayil da babban baƙi, ka rubuta ranar da shekarar za ta cika a ƙasanta.

2. Samo wakili na kyauta

Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW, American Legion da Vietnam Veterans of America suna da jami'ai masu lasisi da ke yin aikin nan ba ko sisi, haka yawancin gundumomi suna da ofishin jami'in tsofaffin sojoji. Da fom 21-22 ake naɗa su. Babban amfaninsu suna iya buɗe fayil ɗin mutum a kwamfuta su ga abin da kai baka gani.

Lauya ma yana da ranarsa, musamman idan maganar ta kai gaban alƙali ko ana rigimar ariyas na shekaru da yawa, shi da fom 21-22a ake naɗa shi, doka ta hana shi karɓar kuɗi kan neman farko sai bayan an yanke hukunci, kuma abin da aka saba shi ne kaso 20 cikin ɗari na ariyas kawai. Wanda nake so ka guje wa su ne masu talla a Facebook da waya suna cewa za su kai ka kaso 100, wato ƙololuwar ma'aunin nakasar da VA ke biyan diyya a kansa, su sa tsoho ya sa hannu a yarjejeniyar da za ta cinye masa kuɗin wata biyar ko shida, wani ma har da neman fasuwod ɗinsa. Akwai shafin binciken lasisi na ofishin lauyoyin VA, sa sunan mutum, in bai fito ba ka tashi ka tafi.

3. Karanta wasiƙar ƙin a tsanake

Nan ne aikin yake kuma nan ne kowa ke tsallakewa, don wasiƙar ɗaci gare ta, mutum ya ga an ƙi shi a shafin farko sai ya ninke. Wuce shafin farko ka je inda aka rubuta dalilan hukunci. Kusan kullum ɗaya ne cikin huɗu: ba a tabbatar ya yi aiki a wurin da aka fesa maganin ba, ko cutar bata cikin jeri a lokacin, ko babu takardar likita da ta ambaci cutar da sunanta, ko bai je gwajin da aka kira shi ba. Ka ja layi ƙarƙashin jimlar da ta faɗi dalilin. Wannan jimla ita kaɗai za ka amsa, ba sai ka sake ba da tarihin rayuwarsa daga farko ba.

Wasiƙun da suka fito daga 19 ga Fabrairu 2019 zuwa yau suna da wani sashe na abubuwan da aka riga aka yarda da su, misali an yarda yana da ciwon suga, ko an yarda ya yi aiki a Tailan. Waɗannan sun zauna, mai duba fayil na gaba ba zai warware su haka kawai ba, don haka kar ka ɓata ƙarfi a kansu. Sannan duba jerin hujjojin da suka ce sun karanta, idan akwai takardar da kuka aika bata cikin jerin, rubuta a littafinka.

In wasiƙar ta ɓace ba komai, wakili zai iya ciro ta, sababbin ma ana sauke su a VA.gov, ko a nemi fayil ɗin gaba ɗaya da fom 20-10206. Shi wannan yana ɗaukar watanni kafin ya zo, kar ka tsaya jiransa in wa'adi na matsowa.

4. Daidaita wuri da lokaci

Ga yadda jerin yake yanzu. Biyetnam, a ƙasa ko a kogunan cikin ƙasa, daga 9 ga Janairu 1962 zuwa 7 ga Mayu 1975, kuma ko kwana ɗaya ne ya isa, ko jirgin sama ne ya sauka a Da Nang ya taka ƙasa ya koma. Sojojin ruwa da jirginsu ya shigo cikin mil 12 na ruwa daga layin da doka ta shata a wannan lokaci, su ne dokar Blue Water ta 2019 ta shigo da su bayan shari'ar wani tsohon sojan ruwa mai suna Procopio, ta fara aiki 1 ga Janairu 2020. Iyakar Koriya ta Arewa da ta Kudu, daga 1 ga Satumba 1967 zuwa 31 ga Agusta 1971. Akwai kuma waɗanda suka yi aiki a jiragen C-123 da aka yi feshin da su, tsakanin 1969 da 1986.

Sai dokar PACT da aka sa wa hannu 10 ga Agusta 2022 ta ƙaro: duk wani sansanin Amurka ko na sojan Tailan daga 9 ga Janairu 1962 zuwa 30 ga Yuni 1976, Lawos daga 1 ga Disamba 1965 zuwa 30 ga Satumba 1969, Mimot ko Krek a Kambodiya daga 16 zuwa 30 ga Afrilu 1969, Guwam ko Samowa ta Amurka da ruwansu daga 9 ga Janairu 1962 zuwa 31 ga Yuli 1980, da tsibirin Johnston daga 1 ga Janairu 1972 zuwa 30 ga Satumba 1977. Na Tailan ɗin nan ka kula da shi sosai, don a da sai mutum ya nuna aikinsa a bakin shingen sansani yake, kamar masu gadi da masu riƙe karnuka, makanikai da masu dafa abinci da yawa a U-Tapao da Korat da Udorn kan wannan aka ƙi su. Yanzu babu ruwan doka da irin aikinka, kana sansanin a lokacin shikenan.

Kuskuren da ake yawan yi: ganin lambar yabo ta Biyetnam a DD214 sai a ɗauka an gama. Wannan lamba an ba har waɗanda ke Tailan da na can tsakiyar teku, ita kaɗai bata nuna inda ƙafarsa ta taka. Abin da ke nunawa shi ne fayil ɗinsa na soja, ana nemansa da fom SF 180 daga cibiyar adana takardu da ke St. Louis. Za ka ji tsofaffi na cewa ai takarduna sun ƙone a gobarar 1973, gobarar gaskiya ce, amma abin da ta fi ci na sojan ƙasa da aka sallama kafin 1960 ne da na sojan sama kafin 1964, na yawancin 'yan Biyetnam suna nan.

Na sojan ruwa kuma littafin jirgi ake dubawa, wanda ake rubuta inda jirgin yake kullum. VA na da su a kwamfuta, abin da ake so daga gare ka sunan jirgin da lambarsa da watannin da yake ciki.

In takarda bata nuna ba, musamman wanda aka tura shi aikin 'yan kwanaki ba a rubuta ba, sai a koma kayan gida. Wani tsohon sojan sama da na taimaka, ƙanwarsa ce ta fito da daurin wasiƙun da ya riƙa aiko wa mahaifiyarsu, an ɗaure su da zare sun yi ja saboda tsufa, a ɗaya ya rubuta mata cewa an kai shi Cam Ranh gyaran jirgi na sati biyu, ga hatimin gidan wayan soja da kwanan wata a jikin ambulan. Muka ɗauki hoton ambulan gaba da baya da wasiƙar, muka haɗa da bayanin wani abokin aikinsa a fom 21-10210. Shi bayanin shaida a rubuta shi da abin da mutum ya gani da idonsa, wata da shekara da sunan wuri, ba yabon halin aboki ba.

5. Daidaita sunan cutar

Cikin jerin akwai ciwon suga nau'i na biyu, ciwon zuciya na toshewar jijiyoyin jini, cutar karkarwa ta Fakinsin, kansar furostet, kansar huhu da maƙogwaro da hanyoyin numfashi, kansar Hodgkin da limfoma wadda ba Hodgkin ba, mayeloma, wasu nau'in kansar jini da wasu na tsoka, da amiloyidosis nau'in AL. A 2021 aka ƙara kansar mafitsara, raguwar aikin tayirod, da alamomin karkarwa masu kama da Fakinsin. A 2022 aka ƙara hawan jini da wata matsalar jini da ake kira MGUS. Uku kuma suna da sharaɗin sai sun bayyana cikin shekara guda bayan haɗuwa da maganin: ƙurajen kulorakni, wata cutar fata da hanta mai suna porphyria cutanea tarda, da mutuwar jijiyoyin hannu da ƙafa ta farko-farko.

Mu a Hausa furostet da mafitsara duk kansar mafitsara muke ce musu, a takarda kuwa abu biyu ne daban da shekarun shigarsu jeri daban, don haka ka kwafo sunan yadda likita ya rubuta harafi da harafi. Haka in takarda ta ce suga ya ɗan hau ko ana gab da kamuwa, wannan bai zama ciwon suga ba a wurinsu, sai likita ya rubuta cutar.

Kar ka manta da 'ya'yan cuta. Suga yana jawo mutuwar jijiyoyin ƙafa, lalacewar ƙoda, matsalar ido da raunin mazakuta, hawan jini yana jawo shanyewar ɓarin jiki, kowanne ana ba shi nasa kason idan an nema. Dattawa suna jin nauyin faɗin wasu a gabanka, ka bar shi da wakili ko likita su biyu.

In cutar bata cikin jeri ƙofa bata rufe ba, sai dai aiki ya ƙaru. Ana buƙatar wasiƙar likita da ta ce yiwuwar maganin ne ya jawo ta kai rabi ko fiye, ya kuma bayyana dalilinsa ya nuna ya karanta fayil ɗin. Wasiƙar layi biyu da ta ce wataƙila bata aiki.

6. Zaɓi ƙofar da za ka shiga

Uku ne. Ta farko Supplemental Claim, fom 20-0995, ita ce ta mai sabuwar hujja ko wanda doka ta canza a kansa, kuma ita ce ƙofar kusan duk wanda wasiƙarsa ta wuce shekara. Ko 1998 aka ƙi shi ana iya shiga ta nan. A wannan ƙofa VA na da nauyin taya ka nemo takardu.

Ta biyu Higher-Level Review, fom 20-0996, babban jami'i ne zai sake duba abin da ke fayil, ba a ƙara ko takarda ɗaya, kuma sai cikin shekara guda da hukunci. Tana da kyau in hujja na ciki an tsallake ta. A nemi ganawar waya da ke cikin fom ɗin, wakili ya nuna shafin da ake magana.

Ta uku ɗaukaka ƙara gaban alƙalin hukumar, fom 10182, ita ma cikin shekara guda, ita ta fi daɗewa, in ka zaɓi zaman sauraro ana iya kwashe shekaru. Ga mutum mai shekara 78 da ciwon zuciya ni bana fara kai shi nan sai in sauran sun ƙi.

Babban kuskure shi ne ɗaukar fom 21-526EZ a sake neman cutar da aka riga aka ƙi. Shi na sabuwar cuta ne da ba a taɓa nema ba, ko neman ƙarin kaso kan wadda aka riga aka amince. In mutum yana da tsohuwa da sabuwa to fom biyu za a cike. Wani kuskuren, zuwa gwajin rajistar Agent Orange a asibiti a ɗauka an nemi diyya. Gwajin kyauta ne kuma yana da kyau, amma ba nema ba ne.

7. Cikewa da aikawa

A fom 20-0995 rubuta kowace cuta daban da ranar wasiƙar da ta ƙi ta. In canjin doka ne dalilinka faɗe shi a fili, dokar PACT ko Blue Water. Asibitocin VA sunansu da shekaru kawai za ka bayar su ciro da kansu, na waje kuma ko ka karɓo da hannunka, wanda ya fi sauri, ko ka cike 21-4142 da 21-4142a. Kar ka tura shafi ɗari biyar a dunƙule, zaɓo waɗanda suka amsa jimlar nan da ka ja wa layi, ka sa ɗan bayani na shafi ɗaya a sama da ke cewa ga abin da aka ce babu, ga shi a shafi kaza. A rubuta sunansa da lambar fayil a saman kowane shafi. A duba sa hannu sau biyu.

Ta intanet ko ta hannun wakili ya fi, don nan take za ka samu shaidar karɓa. In ta gidan waya ne zuwa cibiyarsu ta Janesville a Wisconsin, yi rajista ka ajiye rasit. In ciwon ya kai na ajali, ko shekarunsa sun kai 85, ko yana cikin matsin kuɗi mai tsanani, a haɗa da fom 20-10207 na neman a gaggauta.

8. Ranar gwajin likita

Za a iya kiransa gwaji, sau da yawa wani kamfani ne da aka ba kwangila zai kira da lambar da bai sani ba, to a riƙa ɗaga waya a riƙa buɗe wasiƙu. In ranar bata yi ba a kira a canza tun kafin ta zo, rashin zuwa kawai ya isa a sake ƙin mutum.

Dattijon nan nawa na masallaci, a mota muna tafiya yana gaya min dare uku bai yi barci ba saboda zugin ƙafa, muna shiga likita ta ce yaya jiki ya ce lafiya lau alhamdulillah. Sai da matarsa ta taɓa hannunsa ta ce gaya mata maganar matakala, sannan ya faɗi cewa ya daina hawa benen gidansa ya dawo kwana a falo. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, amma a ɗakin nan abin da ka faɗa shi ake rubutawa. A faɗi yadda rana mafi muni take, taku nawa yake yi kafin numfashi ya ɗauke, sau nawa yake tashi fitsari da dare, ba ƙari ba ragi. Ƙari ma illa ne, in bakinsa ya saɓa da takardun asibiti sai a daina yarda da sauran.

Mai hawan jini ya je da littafin awon da yake yi a gida da tsofaffin awo na kafin ya fara shan magani.

9. In hukunci ya fito, duba abu biyu

Na farko kaso. Ana bayarwa daga 0 zuwa 100, kuɗin kuma babu haraji a kansa, a 2025 kaso 10 dala 175.51 ne a wata, kaso 100 ga wanda ba shi da iyali dala 3,831.30. Suga da ake riƙewa da abinci kawai 10 ne, da ƙwaya ko insulin 20. Kansar furostet 100 ce lokacin da ake magani da wata shida bayansa, daga nan a sake auna abin da ta bari. Hawan jini da yawa 0 suke samu, don 10 sai awon ƙasa ya riƙa kai 100 ko na sama 160, ko yana da tarihin na ƙasa 100 kuma yana kan magani kullum. Kar ka raina 0 ɗin, an riga an ɗaura cutar a wuyan aikin soja, duk abin da ta haifar gaba yana da madogara. Lissafinsu kuma ba tarawa ba ne, 50 da 30 ba 80 ba ne, ana ɗaukar kaso 30 cikin ɗari na rabin da ya rage ne, wato 15, a ƙara kan 50 ɗin sai ya zama 65 a mayar da shi 70.

Na biyu ranar fara biya, kuma nan ne manyan kuɗi ke ɓacewa don mutum ya ga an amince murna ta hana shi dubawa. Sojan ruwan da ya nema tsakanin 25 ga Satumba 1985 da 1 ga Janairu 2020 aka ƙi shi kan cutar da ke cikin jeri, ana iya mayar masa da biya zuwa ranar nemansa na farko. Akwai kuma shari'ar Nehmer, wadda ta tilasta cewa in an ƙara cuta a jeri a koma wa 'yan Biyetnam da aka ƙi a baya a biya su tun daga tsohon nemansu, ta shafi irin su suga da zuciya da Fakinsin da ukun nan na 2021, in mutumin ya rasu kuma iyalinsa ke karɓa. Na dokar PACT daban ne, mai rai ba a mayar masa da biya zuwa kafin 10 ga Agusta 2022, wanda ya nema yanzu kuma abin da zai iya samu na baya shekara ɗaya ce in yana da cutar tun ranar da dokar ta fara. Ɗauki tsohuwar wasiƙa da sabuwa ka ajiye su gefe da gefe a gaban wakili ka tambaye shi wace doka aka bi wajen sa wannan rana.

In an sake ƙi, ko kaso ko ranar basu yi ba, shekara guda gare ka daga ranar da ke kan wasiƙar ka shiga ɗaya daga ƙofofin nan uku, muddin baka bari shekarar ta wuce ba tsohon kwanan watanka yana nan a riƙe komai yawan zagayen. Bayan hukuncin alƙalin hukumar kuma kwana 120 ne kacal na zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tsofaffin sojoji, nan kam a nemi lauya.

10. In mai abin ya rasu

Matarsa na iya neman kuɗin wata-wata da fom 21P-534EZ in cutar da ke cikin jeri ce ta kashe shi ko ta taimaka, ko da an ƙi shi yana raye, ko da ita ma an taɓa ƙin ta kafin dokar ta canza. In ya rasu nemansa na kan hanya, cikin shekara guda ta cike 21P-0847 ta tsaya a madadinsa a ci gaba daga inda aka tsaya. Abin da zan roƙe ku shi ne takardar shaidar rasuwa, mu da muke gaggawar jana'iza ba mai bi ta kanta, sai a rubuta zuciya ta tsaya kawai. Wani cikin 'ya'yan ya samu likitan ya tuna masa da suga da hawan jini da ciwon zuciyar da marigayin ke fama da su, in sun taimaka wajen rasuwar a rubuta su a layin da aka tanada. In an riga an fitar da ita babu su, ana iya neman likitan ya gyara, ko ya rubuta wasiƙa daban a haɗa da takardun kwanciyarsa ta ƙarshe a asibiti, a kai wa wakili tare da takardar aure da DD214.